Ɗakin da ke Bayan Katifu

A gida Auta ake ce mata, don ita ce ta ƙarshe a ɗakin Inna. A wajen aiki kuwa ba mai neman sunanta, Tafinta kawai suke cewa. Aikin nata ba ya bukatar ofis. Tebur ne, da kwamfuta, da abin ji mai makirufo da take ɗaurawa a kai. Kira zai shigo daga wani asibiti mai nisa, likita a gefe ɗaya, marar lafiyar da ba ya jin komai sai Hausa a ɗaya gefen, ita kuma a tsakiya. Likita ya ce, “Tambaye shi ina ke masa ciwo.” Marar lafiya ya ce, “Ai ko'ina, 'yar nan.” Sai a yi ta lallaɓawa har ko'inan nan ya taru ya koma ƙasan haƙarƙarin dama.

Kunnen kuwa gadonsa ta yi. Babanta direban babbar mota ne, kowace tafiya sai ya dawo da gaisuwar wani yare, ita kaɗai ce cikin 'ya'yan ke kamawa ta riƙe. Gidan da ta tashi kuma bango ɗaya suke da mai injin niƙa, don haka tun tana ƙarama ta iya tsamo magana daga cikin ƙara. Da ta girma ta samu aiki a wani ƙaramin asibiti, baƙin likitoci suka lura duk wanda ta tsaya masa a tsakani ba ya fita da fushi, daga nan hanya ta buɗe mata. Ta yi aure, auren bai yi tsawon rai ba. Ba ta son a tayar da zancen, mu ma sai mu bar shi a nan.

Gwiwar Inna ce ta fitar da su ƙasar waje. Ta daɗe tana ciwo har ta kai tsohuwa ba ta iya miƙewa sai an kama ta, aka ce akwai inda ake sauya gwiwa a sa ta ƙarfe. Auta ta ce ita za ta kai ta, tunda aikinta a jaka yake, duk inda ta ajiye jakar nan ne ofis. Dokar aikin ɗaya ce mai tsauri: kada a ji motsin kowa a bayanta. Abin da ake faɗa sirrin marar lafiya ne, in likita ya ji murya ko ƙara, zai ɗauka akwai mai saurare. Saboda haka da suka sauka, abin da ta fara nema shi ne shiru.

Ta kuwa samu. Unguwa ce ta baƙi masu aiki ta kwamfuta irinta, dogayen benaye, lif mai madubi, mai gadi a ƙofa, bishiyoyi duk an yi musu aski iri ɗaya. Akwai shagon shayi a ƙasa, cike da mutane, amma kowa idonsa a kan allonsa. In ka yi sallama sai su ɗago kamar ka taka musu ƙafa.

Aka yi aikin gwiwa lafiya, aka dawo da Inna gida. Ta zauna bakin taga ta daɗe tana kallon titi, sannan ta ce, “Auta, rasuwa aka yi a unguwar nan?”

“Ba a yi ba, Inna. Haka suke.”

“To Allah ya ji ƙansu tun da ransu.”

Likitan da ke duba ta bai ɓoye musu komai ba. Ya ce nasa aikin ya ƙare, saura na ƙafa. Sai ta taka kullum, yau kaɗan, gobe ta ƙara. In ta zauna, gwiwar za ta sandare yadda take, kuma ba abin da zai sake lanƙwasa ta. Auta ta fassara wa Inna kalma bayan kalma, yadda take yi wa baƙi. Inna ta ce ta ji.

Amma ba ta taka ba. Daga gado zuwa bayi, daga bayi zuwa kujerar taga, tafiyar ke nan.

“Inna, ki sauka ki zagaya lambun can.”

“In zagaya in dawo inda na tashi? Ni akuya ce a turke?”

“Likita ya ce...”

“Likita ya ce in taka. Bai ce zuwa ina ba. Wa zan je in gaisar? Mutum yana tafiya ne don akwai wanda zai tarar.”

Daga nan maganarta ta fara raguwa. Matar da a gida sai an roƙe ta ta yi shiru, ta koma wuni guda ba ta ce uffan ba. Wata rana Auta ta fito daga ɗakin aiki ta ji ta tana waya da Yaya, babban wan su Auta, tana ce masa ya zo ya ɗauke ta. Yaya ya ce a ba shi Auta.

“Ke, wace irin ajiya kika yi wa tsohuwa? In watan nan ya mutu ba ta taka ba, zan zo in dawo da ita. Gara ta zauna a kujera cikin mutane da ta bushe a saman bene.”

“Yaya, in ta dawo yanzu, a kujerar za ta ƙare.”

“To ya za a yi?”

“Da ƙafarta za ta hau jirgi. Ka bar ni da ita.”

Ta ajiye wayar ta tsaya a tsakiyar falon. Ta san laifin ba na gwiwa ba ne, na unguwa ne, kuma ita ta zaɓe ta. Washegari tana tashi daga aiki ta nemi dillalin gidaje, wani mai tumbi da tarin makullai a ƙugu, wanda turarensa ke riga shi shiga ɗaki. A lokacin ta kama yaren garin daidai yadda za ta yi ciniki da musu.

“Ina son unguwa mai hayaniya,” ta ce masa, “da ɗaki mai shiru.”

“Madam, wanne daga ciki?”

“Duka biyun.”

“Wanda ya gina irin wannan bai zo duniya ba tukuna.”

“To mu je mu duba, ko ya zo ba ka ji labari ba.”

Yadda take duba gida ya sa dillali ya fara shakkar lafiyarta. Ba ta kallon fenti, ba ta buɗe famfo. Za ta shiga ɗakin da ya fi nisa da titi, ta kore shi waje, ta rufe ƙofa, ta ɗaura abin jinta, ta kunna ɗaukar murya ta yi tsit. Sannan ta saurari abin da makirufo ya kama, don shi yana jin abin da kunne ke yafewa. A wani gidan jirgin ƙasa ne ya wuce har kofin da aka manta a kan taga ya yi rawa. Wani kuma ya yi shiru kamar rijiya, har ta fara murna, sai aka kaɗa ƙararrawar makarantar da ke bayansa, yara suka ɓarke. Akwai wanda ya yi mata ta kowace fuska, sai dai a kan tudu yake, matakala tun daga bakin titi. Ta dubi matakalar, ta tuna gwiwar Inna, ta juya.

In ta fito waje kuwa, ƙofofin mutane take kallo.

“Me kike nema kuma?” in ji dillali.

“Kujeru.”

“Ai gidan da kayansa.”

“Ba na ciki ba. Na ƙofar gida. Unguwar da ba a fito da kujera waje, ba a gaisawa a cikinta.”

Kwanaki suka yi ta tafiya, ba a dace ba. Dillali ya fara ƙin ɗaukar wayarta. Sai wata safiya ta lura da abin da ke gabanta tun zuwansu. A duk benen nan mutum ɗaya ce Inna ke yi wa murmushi, matar da ke zuwa sharar baranda. Takan leƙo ta ɗaga wa Inna hannu, ta yi mata wata doguwar magana da yarensu, Inna ta mayar mata da Hausa. Auta ta tare ta ta ce, “Baiwar Allah, in kin tashi aiki ina kike komawa?” Matar ta faɗa mata bas ɗin da take hawa, ta ce sai ya kai ƙarshen hanyarsa take sauka.

Ranar da yamma Auta ta hau bas ɗin nan, ba dillali. Benaye suka yi ta gajarta, tituna suka yi ta matsewa. Inda ya tsaya na ƙarshe, ta sauka cikin wani layi mai igiyoyin shanya daga taga zuwa taga. Ga mai aski, ga mai kayan miya, ga mai gyaran takalmi, can ƙarshen layin ga maƙeri yana buga tukwanen ƙarfe, ƙarar tana bin layin kamar ita ke riƙe da shi. Kusan kowace ƙofa da kujerarta. Kafin ta kai tsakiyar layin an gaishe ta har ta gaji da amsawa.

A nan ta ga shagon Mai Katifa, wani tsoho mai auduga a gira, yana ɗinke bakin matashi. Jikin shagon akwai ƙofar gida a rufe, a ƙasa, matakala biyu kacal. Ta tambaya, ya ce nasa ne, ba kowa a ciki. Falon yana kallon titi, duk abin da ake yi a layin kamar a cikinsa ake yi. Amma can ciki akwai wani ɗan ɗaki ba taga, wanda ya ce dā tarkace yake zubawa. Ta shiga ta rufe ƙofa. Ƙarar maƙeri ta ɗauke kamar an yanke ta da wuƙa. Ta ɗaura abin jinta, ta ɗauka, ta saurara. Ba komai sai numfashinta.

Ta fito ta ce, “Baba, me ke bayan bangon nan?”

Ya kai ta ya nuna mata. Sitonsa ne ya kewaye ɗakin ta gefe biyu, katifu a jibge tun daga ƙasa har rufi.

Dillali ya zo don a rubuta yarjejeniya, yana toshe hanci. “Madam, wannan ba unguwar irinku ba ce.”

“Irinmu su wa?”

“Masu kwamfuta.”

“Kwamfutar ba ta yi ƙorafi ba.”

Ta sa aka jawo wayar intanet har cikin ɗan ɗakin, ta sayi fanka da fitila mai haske, suka tare. Ranar farko Inna ta sa aka fitar mata da kujera ƙofar gida. Kafin azahar bakinta ya dawo. Tana yi wa Mai Katifa Hausa, yana mayar mata da yarensa, suna dariya a wuri ɗaya. Auta ta leƙo ta ce ko ta fassara musu.

“Wa ya ɗauke ki aiki?” in ji Inna. “Koma wajen likitocinki. Mu muna jin juna.”

Sai dai an samu matsalar da Auta ba ta hango ba. Mutanen layin sun cika kirki. Mai kayan miya ya ga tsohuwa da sanda, sai ya riƙa kawo mata kaya har kujera ta zaɓa. Matan maƙwabta su jawo nasu kujerun su zo inda take. Ko tsintsiya ta faɗi, kafin ta sunkuya an miƙo mata. Inna ta samu mutane, ta yi fes, amma ƙafa tana nan inda take. Wata kuwa ya raba, ya fara gangara.

“Inna, yau ki je wajen mai kayan miya da kanki.”

“Ga shi yana zuwa. In hana bawan Allah ladansa?”

Auta ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta roƙe su su daina kawo wa Inna komai. Suka ce to. Washegari suka kawo, suna yi mata kallon 'yar da ba ta tausayin uwarta.

Ana cikin haka lokacin komawar ɗalibai makarantun kwana ya zo. Wata safiya babbar mota ta tsaya ƙofar Mai Katifa, aka yi ta lodi. Auta ta gani da idonta, har ta yi masa barka da ciniki, ta shiga ɗakin aiki, bai zo mata a rai ba cewa shirunta ne ake lodawa a mota.

Kiran da ya shigo na wata mata ce da aka kwantar da ɗanta, likita yana bayanin yadda za a riƙa ba shi magani in an sallame su. Irin kiran da ba a son kalma ɗaya ta faɗi ƙasa. Suna tsakiya sai maƙeri ya fara. Ƙarar ta ratso siton da ya zama fanko, ta shigo ɗakin kamar a kan teburinta ake bugun.

Likita ya tsaya. “Tafinta, mene ne wannan? Akwai wani tare da ke?”

“Ba kowa, likita. Ka ba ni haƙuri kaɗan.”

Ta fizgo bargon da take ajiyewa saboda sanyi, ta lulluɓe kanta da kwamfutar gaba ɗaya, ta ci gaba daga inda aka tsaya. Ta maimaita wa matar bayanin maganin, ta sa ita ma ta maimaita, har ta tabbata ya zauna. Aka kashe kiran, gumi na ɗiga daga haɓarta. Ba a jima ba saƙon shugabarta ya shigo: likita ya kai ƙorafi, in aka sake, za a rufe layinta.

Ta ɗaga bargon ta ga Inna tsaye a bakin ƙofa, dafe da sanda.

“Me kike yi a cikin bargo da rana tsaka?”

“Katifu sun tafi, Inna. Ƙarar maƙerin can tana shigowa. Sun ce in aka sake ji, aikin ya ƙare.”

“Wancan mai ƙwanƙwasar?”

Kafin ta amsa wani kiran ya shigo. Ta yi wa Inna alama da hannu ta ja ƙofa, ta koma cikin bargo, tana matse makirufo da tafin hannu duk lokacin da ba ita ke magana ba. Kiran ya yi tsawo. Wajen tsakiyarsa ta lura bugun ya tsaya. Ta zaci maƙerin hutu ya tafi, ta gode wa Allah, ta ƙarasa aikinta.

Da ta fito, kujerar ƙofar gida ba kowa. Ta dubi Mai Katifa. Ya nuna mata ƙarshen layi da allurar hannunsa, gemunsa na rawa don dariya.

Ta tafi da sauri. Layin da tsawonsa, ita kanta sai da ta yi haki. Can ta tarar da Inna zaune a kan wata babbar tukunya da aka kife, gudumar maƙeri a kan cinyarta, ta ɗora hannu biyu a kai. Maƙerin, ƙato mai faɗin kafaɗa, yana tsaye gefe ya harɗe hannu kamar ɗalibin da aka kama.

“Inna, wa ya kawo ki nan?”

“Wa zai kawo ni? Mota gare ni?”

“Da ƙafarki kika zo?”

“Na ce masa 'yata tana magana da likita, ya dakata.”

“Da wane yare kika faɗa masa?”

“Da sanda.”

Auta ta dubi gwiwar. A lanƙwashe take a kan tukunyar, fiye da yadda ta taɓa lanƙwasuwa a gaban likita. Ta kau da kai ta yi kamar wani abu ne ya faɗa mata a ido. Sannan ta juya ta ba maƙerin haƙuri da yarensa, ta ce shi ma da gudumar nan yake ci, ba wanda zai hana shi sana'arsa, ya ba ta zuwa ƙarshen mako kawai. Ya ce ba komai, uwa uwa ce, amma don Allah a ce ta ba shi gudumarsa. Suka dawo a hankali, Inna tana tsayawa kowace ƙofa, wai hutawa take, alhali gaisawa take.

Sauran kwanakin makon a cikin bargo Auta ta yi aiki, maƙeri kuma ya koma yin yanka da liƙi da safe, bugu sai ta tashi. Ranar hutu ta je wajen Mai Katifa ta kwashe duk guntayen soson da yake yankewa yana tarawa a buhu. Ta sayo gam, ta ari tsani. Ita kaɗai ta liƙe bangon nan tun daga ƙasa har sama, guntu a kan guntu, ja da fari da shuɗi, har bayan ƙofa da rufi. Yatsunta suka yi kwanaki suna manne wa juna. Ɗakin ya koma kamar cikin matashi. Ta aika aka ce wa maƙeri ya buga iya ƙarfinsa. Ta rufe ƙofa, ta ɗauka, ta saurara. Ba komai.

Inna dai ba ta yarda da soso ba. Ta leƙa ta taɓa bangon da sanda ta ce, “Wannan tarkacen ne zai tare ƙarar ƙarfe? Ke dai yi aikinki, ni zan riƙa lura da shi.”

Auta ta buɗe baki za ta ce ai an gwada, ya tare. Sai ta rufe.

“To, Inna. Ki riƙa lura da shi.”

Tun daga ranar, kowace safiya in Auta ta ɗaura abin jinta, Inna sai ta ɗauki sanda ta kama hanyar ƙarshen layi. Maƙeri ya tanadar mata tukunyarta, har ya ɗora mata tsumma a kai. Yana bugu tana masa faɗa, in ya yi kamar zai daina kuma ta ce wa ya ce ya zauna, tukunyar mutane za ta ƙera kanta ne. A hanyar dawowa ta biya wajen mai kayan miya ta raina masa albasa. Da suka koma asibiti, likita ya kama ƙafar ya lanƙwasa, ya miƙar, ya sake lanƙwasawa, ya tambayi wane motsa jiki take yi. Auta ta ce aikin sa ido take yi a wata maƙera.

Da wata ya mutu Yaya ya kira ta bidiyo, ya ce ya fara neman tikiti, a ba shi Inna.

“Ba ta nan, Yaya.”

“Ba ta nan kamar yaya? Ina za ta?”

“Ta tafi aiki. Tsaya in kai maka ita.”

Ta bi layin da wayar a hannu, yana ganin igiyoyin shanya da kujeru suna wucewa. Ta miƙa wa Inna. Inna ta kanga wayar nesa da fuskarta, ta ɗaga murya saboda bugun.

“Kai ne? Ka bar tikitin nan tukuna. Yarinyar nan ba ta iya zaɓen unguwa ba, ta kawo mu cikin hayaniya, in na tafi wa zai tsare mata aikinta? Sai an jima, ka ga mutumin nan in na ɗauke ido yanzu zai ɓata bakin tukunya.”

Ta mayar wa Auta wayar. Auta ta sa ta a aljihu, ta koma gida, ta shiga ɗan ɗakinta ta ja ƙofar soso. Kira na jira. Ta ɗaura abin ji ta ce, “Sannu, Baba. Ni ce tafinta. Faɗa mini ina ke maka ciwo.”